Buhun Shimfiɗar Zomo Mai Hoton Zomo Yana Dariya

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Karɓar Ƙorafi, Ofishin Kare Haƙƙin Masu Sayayya
Daga: Maɗinkiya, gida mai lamba 14, hawa na biyu, bayan tsohuwar tashar bas
Kwanan wata: Litinin, 17 ga Maris, 2025

Game da: Dusar katako da ake sayarwa a matsayin shimfiɗar zomo, da roƙon a gwada ta cikin gaggawa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman afuwa idan rubutun ya karkace, cikin gaggawa na yi shi. Na san teburinka cike yake da manyan al'amura, kuma wani zai iya dariya a ce tsohuwa ta kawo ƙara a kan zomo. A yi dariyar, amma a karanta har ƙarshe.

1. Maigidana ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙin bas. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta tafi, ya kuma daina cin abinci sai da rarrashi da faɗa. 'Yarmu ce ta kawo masa zomaye biyu, fara da muke kira Auduga da wani ruwan toka mai suna Toka. Ni da na yi ta mita a kan wari, ni ce na ga abin mamaki. Kullum da safe sai ya tsaga ganyen latas biyu da hannunsa na hagu, ya ba kowa rabi, sannan ya yarda ya buɗe baki ya ci nasa. Cikin kalmomin da suka rage a bakinsa, waɗanda ba su kai goma ba, biyu sunayen zomayen nan ne. Sunana ma bai dawo ba tukuna.

2. Da ma takarda nake yayyagawa ina shimfiɗa musu a ƙasan keji, in ɗora busasshiyar ciyawa. Ciyawar ta yi tsada, maƙwabciyata ta ƙasa kuma ta fara yi mini habaicin wari a kan matakala. Ranar Asabar, 8 ga Maris, na shiga shagon kayan dabbobi da ke kusa da ƙofar kasuwa, mai koren rumfa. Mai shagon ya nuna mini wani farin buhu mai hoton zomo yana dariya, an rubuta cewa ya dace da ƙananan dabbobi. Ya ce rabin kuɗin ciyawa ne, yana shanye fitsari, yana kashe wari. Na tambaye shi har sau biyu ko ba ya cutarwa, ya dafa ƙirji ya ce nasa zomayen a kai suke kwana. Na amsa laifina a nan: arahar ce ta rufe mini ido, ban lura buhun ba shi da sunan kamfani ko adireshi ba.

3. Na shimfiɗa dusar ranar Lahadi, 9 ga wata. Tana da wani wari mai hawa kai, kamar na sabon kabad, na ɗauka shi ne maganin warin. Ranar Talata Auduga ta fara atishawa, idonta na ruwa. Laraba ta ƙi ganye, ta koma lungu ta takure. Na kuma gan ta tana tauna dusar, kamar yadda zomo ke yi wa duk abin da ya samu a ƙarƙashinsa. Ranar Alhamis, 13 ga wata, bayan azahar, maigidana yana barcin rana, ta miƙe ƙafafu a hannuna ta cika. Innalillahi. Ban ma iya kuka da sauti ba don kada ya farka.

4. A ranar na kai gawarta da Toka da ragowar dusar wurin likitar dabbobi. Ta zazzage dusar a kan faranti tana tonawa da ɗan ƙarfe. Ranka ya daɗe, ni maɗinkiya ce, na san shara in na gan ta. A ciki akwai ƙaramar ƙusa, da ɓawon jan fenti, da gutsattsarin katako masu launin kore. Likitar ta ce alamu sun nuna sharar ƙasan shagon kafinta ce aka zuba a buhu, kuma koren nan yana kama da katakon da aka jiƙa da maganin gara. Ta ce zomo ba ya amai, abin da ya haɗiye yana nan a cikinsa. Ta ba Toka ruwa da abin da za ta iya, amma ta faɗa mini gaskiya cewa lalube take yi muddin ba a san wane sinadari ne ba, kuma ba ta da na'urar ganowa. Ta ce ofishinku na da ɗakin gwaji.

5. Ranar Juma'a, 14 ga wata, na koma shagon da rasidina. Mai shagon bai ko ɗago kai ba. Ya ce zomo ai da ma mutuwa yake, wani mai tura kura ne ke kawo masa buhunan, bai san inda yake samowa ba. Da na tuna masa zancen nasa zomayen, sai yaƙe ya kama shi, ashe ko ɗaya bai taɓa kiwo ba. Na ƙirga buhu goma sha tara a bayansa. Ina tsaye wata mata ta ɗauki biyu, na riƙe mata hannu na gaya mata, shi kuwa ya ce in fita kada in kashe masa kasuwa.

6. Abin da ya fi tsorata ni shi ne wannan. Maigidana bai san Auduga ta mutu ba. Na ce masa tana asibiti, Allah ya yafe mini. Toka yana nan a kan tsohuwar jarida da ciyawa, na wanke kejin sau uku, amma numfashinsa sama-sama yake, kashinsa ya ragu. Ina cikin ɗinki sai in tsayar da keke in leƙa in ga ko cikinsa na motsi. Ranar da Toka ya ƙi karɓar ganye, maigidana ma ture kwanonsa yake yi. Jiya cokali uku kawai ya ci. Wallahi ina jin tsoro, ban san me zan ce masa ba idan na biyun ma ya tafi.

Saboda haka nake roƙo da ƙanƙan da kai: a gwada dusar da na haɗo a cikin kwalba tare da wannan takarda, a sanar da likitar sakamakon ko ta waya ne, lambarta na bayan rasidin da na haɗo. A kuma kwashe buhunan nan daga shagon, a bi sawun mai kurar har inda ake cika su. Ba kuɗina nake nema ba, a bar wa mai shagon.

Na ji an ce ƙorafi kan ɗauki kwana talatin kafin a duba shi. Ranka ya daɗe, ba ni da kwana talatin. Yau da safe maigidana ya tsaga ganyensa biyu kamar kullum, ya miƙa wa Toka rabi, ɗaya rabin ya sa a aljihun rigarsa, ya dube ni ya ce Auduga. Rabi huɗu ke nan a aljihun, sun bushe, kuma ya hana ni wanke rigar.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa takardar nan ta riga sauran zuwa hannunka.

Mai jiran amsarka cikin ladabi,
Maɗinkiya, matar Direba
Gida mai lamba 14, hawa na biyu