Ina Ciyar Da Kanikawa Arba'in, An Ce 'Yata Ta Rame

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana tara ina ɗauke da wani abu a raina, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni mai sayar da abinci ce. Rumfata tana bakin garejin kanikawa, benci uku da tebur ɗaya mai gajeriyar ƙafa da nake tokarewa da bulo. Kafin la'asar nakan sallami mutum arba'in, kuma ba a taɓa cewa hannuna ba daɗi ba. Maigidana direban motar kaya ne, yakan yi kwana biyar a hanya. 'Ya'yanmu biyu. Ƙaramar shekararta biyu da wata huɗu, muna ce mata Tsuntsuwa don ba ta cin abinci sai tsattsaga. Kullum tana tare da ni a rumfa, kanikawan nan kuwa sun ɗauke ta 'yar gida, wannan ya miƙa mata biskit, wancan alewa.

Ranar da ba na fita, wasu ma'aikata suka yi sallama, mata biyu da namiji ɗaya, da sikeli da allon awon tsawo. Suka ce gwamnati ce ke binciken abin da mutanen ƙasa suke ci, kuma gidanmu ya faɗo cikin waɗanda aka zaɓa. Na shimfiɗa musu tabarma. Uwar mijina ta zo mana kwana biyu, tana zaune a kujera tana jin komai.

Babbar cikinsu ta ce in lissafa duk abin da Tsuntsuwa ta ci jiya, daga tashi har kwanciya. Anti, sai da na fara tunawa na ga abin ba wani abin kirki. Shayi da burodi da safe, biskit, lemon kwalba, cokali uku na farar shinkafa da mai, alewa, sai wani shayin. Shi ke nan. Na dubi surukata, na dubi matar, kawai na ji bakina yana cewa ƙwai, kifi, wake, ayaba. Har kofi matar ta miƙo min in nuna yawan waken, na nuna. Ta rubuta, ta yi min godiya.

Sai suka naɗa wa yarinyar wani ɗan tef na awo mai launi-launi a damtse, ya tsaya a kan rawaya. Suka huda mana yatsa ni da ita don gwajin jini, suka ce dukanmu jininmu ya yi ƙasa. Matar ta rage murya, ta ba ni takarda in kai asibiti, ta ce wataƙila su dawo wasu gidajen su maimaita tambayoyin.

Suna fita surukata ta ce zancen banza ne, duk danginsu sirara ne, uban yarinyar ma kamar tsinke ya taso. Da na faɗa wa maigidana a waya, ya ce kada in kuskura in je, asibitin yana kallon garejin, in aka gan ni a layin yara masu rama za a ce mai abinci ta kasa ciyar da 'yarta, kasuwata ta mutu. Takardar tana ƙarƙashin gwangwanin gishiri har yanzu.

Ni kuma na san jiri yana ɗibata a gaban murhu, don ba na zama in ci, sai ƙanzon tukunya da yamma a tsaye. Jiya na yi wa yarinyar wanka, na ƙirga haƙarƙarinta da idona, na zauna a bakin bokiti ina kuka. Ga kuma ƙaryar da na yi. An ce da amsoshin nan ake tsara wa yaran ƙasa taimako. Shin na cuci 'ya'yan wasu? In saɓa wa mijina in je, ko in jira?

Mai Babbar Tukunya

Ƙanwata Mai Babbar Tukunya,

Share hawayenki. Uwar da ba ta damu ba, ba ta ƙirga haƙarƙarin 'yarta. Yarinyarki ba yunwa take kwana da ita ba, cikinta yana cika, jikinta ne ba ya samun abin gina shi. Wannan yana faruwa har a gidajen masu hali, kuma domin gano irinsa ake yin binciken.

Ciro takardar nan yau. Rawaya gargaɗi ne, ba a kai ja ba, kuma yanzu ne gyara yake da sauƙi. Ba abin jira ba ne.

Amma kada ki ɗauki mijinki abokin gaba. Mutumin da yake kwana a hanya don iyalinsa, in aka ce 'yarsa ta rame, abin da yake ji shi ne an ce ya gaza. Tsoronsa kan kasuwarki ma ba shirme ba ne, bakin mutane ba shi da daɗi. Ki sake kiransa lokacin da ya huta, ki faɗa masa gaskiyar abin da yarinyar ta ci ranar, da jirin da kike yi, don na lura bai san ko ɗaya ba. Ki ce za ki kai ta wani asibitin da ba ya kallon garejin. Surukarki kuwa, ki roƙe ta ta raka ki. Tana iya yin gaskiya cewa siranta gado ce, amma ƙarancin jini sai an duba, kuma za ta fi yarda in ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya. In duk suka ƙi, ki sanar da shi cikin ladabi cewa za ki je, ki je.

Maganin rabin matsalar yana cikin tukunyarki. Kafin ki sallami kowa, ki ɗebe kwano biyu, naki da nata, da wake da ganye da ɗan kifi ko ƙwai, ki zauna ku ci tare. Shayi ya daina bin abinci, don yana hana jiki amfana da abin da ke ƙara jini. Kanikawan kuma ki ce musu duk mai son 'yarsa ya kawo ayaba ko lemo na ɓarewa. Za ki sha mamakin yadda za su yi gasa.

Batun ƙarya, ba ki kyauta ba, kin kuma sani. Sai dai dubban gidaje ake tambaya, kuma tef da sikeli sun riga sun faɗi gaskiya a madadinki. In sun dawo, ki nemi a tambaye ki ke kaɗai, ki gyara. Ba su zo ba ki maki ba, kuma ba ke ce uwa ta farko da kunya ta sa ta ƙara ƙwai a lissafi ba.

Allah ya ba ku lafiya ke da ita, ya sa albarka a rumfarki. Ki ci abinci, ƙanwata, a zaune.

Antinku