Katin Bana Babu Daizu

Malama, ki taimake ni da shawara, don mai buga kati ya ce in yanke magana kafin ƙarshen makon nan, ni kuwa kaina ya ɗaure.

Ni tsohon direban bas ne a Sakata, shekarata sittin da shida. Matata ta rasu shekara goma sha biyu da suka wuce, ba mu haihu ba. Karena Daizu kuma ya mutu a watan Satumba, bayan shekara goma sha ɗaya muna tare. Na ɗauko shi ne daga wurin da hukuma ke tara karnukan da aka yar, saura kwana biyu a kashe shi. Kunnensa ɗaya a yage yake, in ya ga tsintsiya kuwa sai ya hau rawar jiki. Wata uku yana ɓoye a bayan injin wanki. Wata rana ina cin shinkafa da gasasshen kifi, sai ya fito ya ɗora haɓarsa a gwiwata, kamar dama can wurinsa ne. Ni da ban yi kuka a jana'izar matata ba, ranar na yi har na gaji.

Ki yi haƙuri, na san na zarce. Shi ya koya mini gaisuwa. Shekara talatin ina unguwar nan ban san sunan maƙwabcina ba, sai da Daizu ya riƙa ja na ƙofa-ƙofa da sassafe. Duk shekara hotonsa nake sawa a katin sabuwar shekara, kati saba'in. A shekarar da kalandarmu ke kira ta damisa na ɗinka masa hula mai kunnuwan damisa, kafin in ɗauki hoton ya cinye kunne ɗaya. Haka na buga, har yau ana yi mini tsiya.

Bana ba zan iya rubuta wa kowa "barka" ba, ƙarya ce. So nake in aika da katin makoki, irin wanda ake aikawa a Nuwamba in an yi rashi, don a san ba za a ji gaisuwata ba. Da na faɗa wa yayata Teruko sai ta ce, "Kai dai har ka yi furfura hankali bai zo ba. Mun aika na Baba, mun aika na matarka, yanzu kuma na kare? Ka buga shi, amma kada in ga ƙafarka a gidana ranar sabuwar shekara, ka dafa miyarka ta bikin da kanka." Ita kaɗai ta rage mini a duniya, kuma ba ta mayar da magana. Abin da ya fi ba ni haushi, ita ce mai ɓoye wa Daizu busasshen dankali a aljihu. In na buga na rasa yaya, in na fasa kamar na ce shi ba komai ba ne. Yaya zan yi?

Tsohon Direba, Sakata

Malam Direba, sannu da rashi. Rashi ka yi, ba kuma sai wani ya sa maka hannu ba kafin ka ji ciwonsa. Karen da saura masa kwana biyu ya samu shekara goma sha ɗaya a gidanka, kai ma ka samu unguwa guda. Babu abin kunya a nan.

Amma ka saurari yayarka da kunnen basira. Ta girme ka, ka ƙiyasta katin makoki nawa ke shigowa akwatinta kowace Nuwamba, na ƙawaye da abokan karatu. Ranar da ta ciro guda ɗauke da adireshin ƙaninta, gabanta zai faɗi kafin ta karanta. Haka ma tsofaffin abokan aikinka. Ina zaton tsoro ne ya fito mata a matsayin faɗa, kuma wasu ba su iya nuna tsoro ta wata hanya ba.

Ga shawarata. Ka bar katin makoki, kada kuma ka tilasta wa kanka rubuta "barka". Ka karɓi katunan mutane ka yi shiru, sai bayan bakwai ga Janairu ka aika da katin gaisuwar sanyi. Dama an tanade shi ne don wanda bai samu yin gaisuwar shekara ba, babu mai ganin laifinka. A ciki ka sa hoton Daizu, ka faɗi ranar da ya mutu, ka gode wa waɗanda suka riƙa buɗe masa ƙofa. Za ka sha mamakin yawan masu amsa maka.

Fitar sassafe kuma kada ka daina ta. Maƙwabtan nan sun zama naka yanzu.

Kada ka jira Teruko ta kira ka, ba za ta kira ba. Ka je gidanta da hotunan nan goma sha ɗaya, ka baza mata a tebur, ka ce ka kasa zaɓa. Za ta yi mita, za ta ce duk munana ne. Ka ƙyale ta, ka lura da wanda ta daɗe tana riƙe da shi, shi za ka kai wa mai buga kati.

Ina maka fatan sanyin bana ya zo da sauƙi, ku sha miyarku tare da zafinta.