Robar da Ba Ta Ɓata Ba

Baba,

Ina gaishe ku da ladabi. Ya ƙarfin jiki, ya tarin nan? A gaida Inna. Ni lafiya lau, karatun jinya na tafiya, sai tsayuwa da ke kumbura mini ƙafa, wannan kuma ba komai.

Watan nan an tura ni sashen waɗanda aka yi wa aikin ƙirji. Baba, washegarin aiki ake tayar da mutum. A ba shi maganin zafi, ya rungume matashi ya yi tari, ya taka zuwa taga. Wani tsoho da ya girme ku, kwana huɗu aka sallame shi.

Kun tuna robar nan mai ƙwallaye uku da aka ba ku bayan naku aikin, don ku riƙa zuƙar iska? Ba ɓata ta yi ba. Ni na tura ta ƙasan jakata, don na ga kamar abin wasan yara a bakinku, ga surukai na shigowa dubiya. Nas ɗin da ta ce ku tashi kuwa, cewa na yi ba ta da tarbiyya. Yanzu na sani, kwanciyar ce ke tara majina a huhu. Sati biyar ɗin da kuka yi a kwance, da hannuna a ciki. Inna ta sha faɗan ɓatan robar, ina tsaye ina kallo.

Ku yafe mini. Ku karanta wa Inna, ni bakina ya yi nauyi.

Kullum ina riƙe hannun baban wani muna takawa. Naku kuwa na danne da bargo, don kada ku tashi.

Allah ya ƙara lafiya.
'Yarku