Ramin Takin Bayan Kicin

Alhamis, 14 ga Yuli, 1988

Yau na haƙa ramin taki a bayan kicin, har hannuna ya yi bororo. Ba don shuka na yi ba. Tun da maƙwabciyata Maman Ladi ta fara nata, 'yata Asabe ba ta zama gida. Ɓawon doyarmu da tokar murhunmu duk can take kaiwa, ta dawo tana yabon kuɓewar matar.

Da yamma na nuna wa Asabe nawa. Ta leƙa ta ce, "Mama, ruwa ya yi yawa. Bari in kira Maman Ladi."

Matar ta zo da fara'arta, ta zuba busasshen ganye, Asabe na riƙe mata kwando suna dariya. Na yi godiya. Tuwon dare dai na kasa ci.