Takardar Yaya Mariyama

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na san wannan wasiƙa ba za ta iso gare ka ba. Ko kana raye ma sai dai in karanta maka, kana tsawata mini in rage gudu. Amma maganar tana cina, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Mutanen Kwaya suna lafiya. An cire gyaɗa, ba ta kai ta bara ba. Kawu Idi ya sayar da jakin nan naka mai taurin kai, wai tun da ka tafi ba ya jin maganar kowa. Inna ta rame, amma in an tambaye ta sai ta ce lafiya lau.

Baba, an kira ni. Wata biyu bayan rasuwarka, Malam Laminu, malaminmu na wasanni a kolej, ya zo har gida kan babur da labarin. An zaɓe ni mai tsaron raga a ƙungiyar ƙasa ta ƙwallon hannu, ta 'yan matan da ba su kai shekara sha takwas ba, za mu je gasar ƙasashen yankinmu. Kai na fara tunawa. Kai ne ka tsaya mini lokacin da ake cewa 'yarka ta zama namiji, kana dariya kana cewa ai tun tana ƙarama ba ƙwaryar da ta taɓa suɓuce mata.

Kwana goma sha biyu na yi a Yamai muna atisaye. An ba ni riga, an gwada mini takalmi. Sai ranar da aka karɓi takardunmu don a yi mana fasfo. Tawa ta ce shekarata sha tara. Na rantse musu sha shida nake, suka ce sun yarda da ni, amma takarda ake dubawa. Washegari aka sa ni a mota.

Ka san dalili. Da za ka kai ni lakwal, makarantar boko, aka ce sai da takardar haihuwa, ni kuwa ba a yi mini ba. Kotu tana Magariya, ga kaka ta kama. Sai ka buɗe adaka ka ɗauko ta Yaya Mariyama, 'yar farinku da ƙyanda ta ɗauke kafin a yaye ni. Ba kai ka fara ba, rabin ajinmu da takardun yayyensu suka shiga. Tun daga ranar a gida ni Rabi ce, a lakwal Mariyama.

Ka gafarta mini, Baba. Daga Yamai har Damagaram ina jin haushinka a motar nan, ina cewa a raina kai ka kashe ni. Sai da muka kama hanyar Magariya na daina yi wa kaina ƙarya. Sau biyu ka ce mu je kotu a gyara, ni ce na ƙi. Na ce maka karatu ya yi mini yawa. Ba karatu ba ne. Kunya nake ji 'yan ajinmu su gane sunan matacciya nake amsawa. Me ya sa ban gaya maka gaskiya ba? Me ya sa kai ma ba ka ja kunnena ka kai ni dole ba?

An yi gasar ba ni. A salular Malam Laminu na kalli wasa ɗaya, na ga wata sanye da rigar da aka gwada mini. Ban iya kaiwa ƙarshe ba.

Malam ya ce in aka gyara takardar da sauran dama, shekaruna na gaskiya ba su wuce ba. Sai dai kafin kotu ta ba ni tawa, dole a je meri, ofishin magajin gari, a rubuta cewa mai waccan takardar ta rasu, kuma uwa ko uba ne zai faɗa da bakinsa. Kai ba ka nan. Inna kuwa ka san ta da kunyar 'yar fari, tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ko wasiƙar lakwal aka kawo, sai ta ce ta yarinyar nan ce.

Sati uku ina jin nauyin roƙonta. Ita da kanta ta ɗauki mayafi ranar Litinin ta ce in tashi mu je. Ma'aikacin ya tambaye ta sunan mamaciyar. Ta daɗe tana kallon ƙasa, tana murza bakin zane, har ya sake tambaya. Sannan ta faɗa a hankali. Ni kuwa, Baba, shekara goma ina amsa sunan nan kowace safiya, bakina ya riga ni, na ce na'am.

Inna ta juyo ta dube ni. Ban taɓa ganin ta tana kuka a gaban mutane ba sai ranar. Har yau ba mu sake tayar da maganar ba, kuma kotu ba ta kira mu ba tukuna.

Allah ya jiƙan ka, ya jiƙan Yaya, ya haskaka muku kabari. Na bar ka lafiya.

'Yarka,
Rabi