Na Canza Wa Kakana Maganin Hawan Jini

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Admin a sakaya sunana, in Abbanmu ya gane ni ce sai dai ku zo zaman makoki. Don Allah ku ba ni shawara.

Ina aji biyu a babbar sakandare a Gaya, na zo hutu Toranke wajen kakana, wanda nake ce wa angona. Da yake ni ce mai karanta Turanci a gidan, ni aka damƙa wa ba shi maganin hawan jini kullum da safe. To tun zuwana nake ganin in ya ɗauki buta ya shiga bayi, sai a yi shuka a girbe bai fito ba, ya dawo yana mitar wai fitsarin ɗigo yake yi.

Malamin bayoloji ya taɓa koya mana cewa tsokar mafitsara ba ta matsewa ta koro fitsari sai sinadarin kalsiyam ya shiga cikinta. Rannan na buɗe takardar cikin kwalin maganin, sai na ga wai aikinsa shi ne toshe hanyar kalsiyam. Na ce yauwa, ga ɓarawon! Kaina ya kumbura, na zama likitar duniya. Na tusa ƙwayoyin a ƙasan jakata, na sayo farar ƙwayar kalsiyam a kemis, ita nake zuba masa a tafin hannu. Yana sha yana tsokanata, wai amarya so take ta kashe shi ta gaji gonar gyaɗa.

Yau kwana tara, fitsarin yana nan yadda yake. Shekaranjiya ya wuni da ciwon ƙeya. Jiya buta ta suɓuce masa sau biyu a hannun dama, yau kuma na gaishe shi ya daɗe yana kallona kafin ya amsa. Tsokanar ma ya daina.

Baffana ya yi ta faɗa wai maganin asibiti ne ya gaji, a koma jiƙo. Abba ya ce a'a, gobe zai kai kakan nawa Gaya a ƙara masa mai ƙarfi. Ya tambaye ni ko an taɓa tsallake kwana, na rantse ban taɓa ba, kuma haka zai faɗa wa likita.

In mayar wa kakana da maganinsa na gaskiya in ja bakina, ko in je in durƙusa gaban Abba yanzu? Masu aikin asibiti a cikinku, don Allah ku gaya mini, wannan hannun zai iya jiran gobe?