An Kankare Sunan Mahaifina Daga Kayan da Na Ƙera

Khala Parwin, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zai raba zumunci. Kwana tara ke nan ko shayi ba ya min daɗi.

Ina da ƙaramar masana'anta a Gujranwala, mu goma sha ɗaya, muna ƙera bureka, abin nan da ke katse wuta idan ta yi wa waya yawa. Mahaifina ne ya kafa ta, sunansa ne a jikin kowace ɗaya. Kin san halin mutanenmu, in ba su ga rubutun ƙasar waje ba, ko kyauta aka ba su sai sun yatsine fuska. Shekara goma sha huɗu ina yawo da jaka shago-shago, ana ce min in dawo bayan Sallah.

Bara kayan waje suka yanke. Jirage ba sa zuwa, an gama gine-gine an rasa abin da za a sa a akwatin wuta. Sai ga yayan matata, bari in kira shi Shafqat, mai shago a kasuwar kayan lantarki ta Lahore, wanda a da ko kwali ɗaya bai taɓa karɓa ba. Ya rungume ni, ya ce lokacin 'yan gida ya yi, duk abin da na ƙera zai kwashe. Khala, ranar har kabarin Baba na je na yi masa addu'a ina kuka. Na raba wa ma'aikata jalebi, irin alkakinmu, muka ƙara awannin aiki. Ashe ni sakarai ne.

Akwai wata al'ada da na gada. In na gwada bureka na ga tana faɗuwa daidai inda ya kamata, sai in ɗiga jan farce a kan ɗan notin saiti da ke gefenta, don kada wani ya murɗa. Baba na mahaifiyata Ammi yake ɗauka, ni na Nasrin matata, har yau tana mita wai na fi ta shafawa.

To, ran Lahadin makon jiya muna walima a wani zauren biki, ana tsakiyar cin miyar ƙorma, wuta ta ɗauke saboda sun kunna na'urorin sanyi sun wuce kima. Na bi mai gyaran wutar wurin, Ustad Buta, wanda ya sha korata da kayana. Ya buɗe akwatin, ya ciro bureka ɗaya yana nuna min, ya ce: “Ka gani, maigida? Kafin waya ta ɗau zafi ta faɗi. Wannan shi ne kayan waje. Ku 'yan Gujranwala ku tsaya a cokali da tukunya.” Mutane suka yi dariya. Na karɓa na juya ta, ga wani suna na ƙasar waje an buga da kyau, ga kuma jan farcen Nasrin a kan notin. Na miƙa masa, na koma wurin zamana.

Washegari na hau mota zuwa Lahore. A saman shagon Shafqat na tarar da kwalayena, ana goge sunan Baba da wani ruwa mai wari ana buga sabo. Har lambar ƙarfin sun canja, burekar amfanin gida an rubuta mata ƙarfin ta masana'anta. Na ce, Pa ji, yayana, me na yi maka? Ko kunya bai ji ba, lassi ma, kindirmon sha, ya aika a kawo min. Wai ai taimakona yake yi, in ba don shi ba da yanzu na rufe, kowa haka yake yi a layin. Sannan ya ce: “Ka faɗa min tsakani da Allah, wa zai sayi sunan babanka?”

Wannan maganar ce ta ƙi barina. Mutumin da Baba ya koya wa riƙe filaya! Nasrin tana kuka, ta ce duk wanda aka kunyata gidanta ne. In na daina ba shi kaya, ban san me zan ce wa mutum goma da ke ci a ƙarƙashina ba. In na yi shiru, da hannuna na binne sunan Baba. Wani lokaci ji nake in je tsakiyar kasuwar in tona shi kowa ya ji. Me zan yi?

Mai Ɗigon Jan Farce, Gujranwala

*

Ɗana, an ci amanarka, kuma ba zan ce ka yi haƙuri ka manta ba. Amma ajiye maganar tsakiyar kasuwa tukuna. Za ka huce na yini ɗaya, Nasrin kuma ta rasa gidan da za ta je ranar Idi.

Abu mafi gaggawa shi ne lambar nan da aka canja. Ka fi ni sanin abin da zai faru idan aka ɗora wa bureka nauyin da ba nata ba a ɗakin da mutane ke aiki. Tun da ka gani, shirunka ya zama laifi. Kada kwali ɗaya ya sake fita zuwa wurinsa. Ka ɗauki dattijo guda da Shafqat ke jin nauyinsa, ku zauna, ka nemi ya faɗi inda ya sayar da masu lambar ƙarya a je a canja su. In ya ƙi, ka kai maganar ga shugabannin kasuwarsu, kuma ka gaya masa tun a zaman cewa haka za ka yi. Kada ka sa matarka a tsakiya, ba ita ta goge sunan ba.

Shi ma ka ba shi gaskiyarsa ɗaya. Masu saye ne suka koya wa 'yan kasuwa wannan hali, kuma kai ma shekara guda kana loda kaya ba ka taɓa tambayar wace unguwa suke shiga ba, don daɗin ciniki ya rufe maka ido. In ya yarda ya sayar da sunan mahaifinka da lambar gaskiya, ƙofa a buɗe take. Ka kai mazubin robarku a sassaƙa sunan a cikinsa, ya fito a jikin burekar yadda ruwa ba zai goge shi ba.

Ciniki zai ja baya na wasu watanni, ka tara ma'aikatanka ka faɗa musu da bakinka. Amma ka lura da abin da baƙin ciki ya hana ka gani: kayanka sun yi shekara suna aiki, kuma mutumin da ya fi kowa raina su ya yabe su a gaban jama'a. Gobe da safe ka ɗauki sabuwar bureka mai sunan mahaifinka ka je wurin Ustad Buta. Kada ka yi masa gori. Ka roƙe shi ya sake ciro tasa ta “ƙasar waje”, ku ajiye su gefe da gefe, ka nuna masa notin. Daga bakin masu gyara irinsa kasuwarka za ta tashi.

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sanyaya zuciyar Nasrin. In za ka dawo daga wurin Ustad, ka saya mata sabon jan farce, nata ita kaɗai.

Khala Parwin